Rigimar Babura da Motoci a Gandun Dajin Amurka

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu kawo muku labarin wata gardama da aka fi shekara 50 ana yi a ƙasar Amurka. Gardamar a kan gandun daji ce. Abin da ya raba kan mutane shi ne, ko ya kamata a bar mutum ya hau babur ko mota ya shiga dajin gwamnati yawon shaƙatawa, ya bi duk inda ransa yake so. Waɗansu sun ce daji na jama'a ne, saboda haka kowa ya shiga da abin hawansa. Waɗansu kuma sun ce daji na jama'a ne, saboda haka kada a bar mutum ɗaya ya ɓata shi. Da magana ɗaya suka fara, amma sun kai juna kotu sau da yawa, an ɗaure wani shugaban gunduma, wata babbar ma'aikaciya kuma ta ajiye aikinta a kan wannan zance.

Girman dajin da hanyoyinsa

An kafa Hukumar Gandun Daji ta Amurka a shekarar 1905, zamanin Shugaba Tiyodo Ruzbelt. Wani mutum mai suna Gifford Pinchot shi ne shugabanta na fari. Ƙasar da ke hannunta ta kai eka miliyan 193, watau dazuzzuka 154 da manyan filayen ciyawa 20. In aka haɗa su wuri ɗaya, sun kusa kashi 85 cikin 100 na faɗin Nijeriya duka. Yawancinsu suna yammacin ƙasar, inda akwai duwatsu da dogayen itatuwa, mutane kuwa kaɗan ne. A jihar Nebada wajen kashi 80 cikin 100 na ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya yake. A Yuta da Aidaho ma ya wuce kashi 60. Ku riƙe wannan, gama daga nan ne rabin ɗacin gardamar yake fitowa.

Ba a keɓe waɗannan dazuzzuka don kallo kaɗai ba. Dokar da Majalisa ta yi a 1960 ta lissafta amfani 5 da za a yi da su: shaƙatawa, kiwo, katako, tsaron ruwa, da kiyaye namun daji da kifi. Dokar ba ta ce wannan ya fi wancan ba. Ta bar wa malaman daji su auna. Duk wanda ya taɓa raba ruwan dam ɗaya tsakanin masu lambu da masu shanu da masu su ya san irin wannan awo.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga gina gidaje da yawa, aka bukaci katako. Sai aka tsaga hanyoyi cikin daji domin motocin gungume. Hanyoyin Hukumar sun kai wajen mil 370,000. Daga 1990 zuwa gaba saran itace ya faɗi ƙwarai, saboda hukuncin kotuna da dokokin kiyaye tsuntsaye da kifi. Kafin shekarar 2001 abin da ake sarewa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka sare a 1987 ba. Motocin gungume suka ragu, kuɗin gyaran hanya da ke fitowa daga cinikin katako ya tafi tare da su, hanyoyin kuwa suna nan. Gyaran da ke jiran kuɗi ya kai dala biliyoyi. Waɗannan tsofaffin hanyoyi su ne yawancin abin da ake faɗa a kai.

Yadda inji ya shiga daji

Sojojin da suka komo daga yaƙi sun saba da motar Jeep, suka saye ta da araha, suka fara hawan duwatsu da ita don nishaɗi. Tun 1953 ake yin taron shekara shekara a wata hanyar duwatsu mai suna Rubicon a jihar Kalifoniya, tsawonta mil 22. Bayan 1960 ƙananan babura na Japan suka cika kasuwa, tare da mashin mai gudu a kan dusar ƙanƙara. A 1970 kamfanin Honda ya fito da babur mai ƙafa uku, mai manyan tayoyi. Wannan ya yi ta kifewa da mutane, musamman yara, har a 1988 kamfanoni suka yarda da gwamnati su daina sayar da shi. Mai ƙafa huɗu ya maye gurbinsa. A 2007 kamfanin Polaris ya kawo wata ƙaramar mota mai suna RZR, mutum biyu suna zama gefe da gefe, tana gudu cikin daji kamar a kan kwalta.

Bisa ga lissafin Hukumar, masu hawan irin waɗannan injuna wajen miliyan 5 ne a 1972. A 2004 sun kai miliyan 51. Dajin kuwa bai ƙaru da wani abin kirki ba.

Gwamnati ta ga abin da ke zuwa tun da wuri. A 1964 Shugaba Jonson ya sa hannu a kan Dokar Jeji. Duk wurin da Majalisa ta sa a ƙarƙashin wannan doka, ba mota, ba babur, ba injin yankan itace, ko keke ma ba a hawa. Da ƙafa ake shiga, ko da doki, ko da kwalekwale. An fara da eka miliyan 9, yanzu sun wuce miliyan 111. A Fabrairu 1972 Shugaba Nikson ya ba da umurni cewa hukumomi su nuna inda aka yarda injuna su bi da inda aka hana, su zaɓi wuraren da ɓarna za ta zama kaɗan ga ƙasa da ruwa da dabbobi. A 1977 Shugaba Kata ya ƙara da cewa, in ma'aikaci ya ga ɓarna mai yawa, ya rufe wurin nan da nan. Nikson ɗan jam'iyyar Rifablikan ne, Kata ɗan Dimokurat. A lokacin zancen bai zama na jam'iyya ba tukuna.

Amma ba da umurni daban, aikatawa daban. Shekara 30 bayan Nikson, a dazuzzuka da yawa mutum yana iya barin hanya ya ratsa ciyawa da fadama yadda ya ga dama, muddin ba a kafa allon hani ba. Allon kuwa dare ɗaya ake tuge shi.

Abin da taya ke yi wa ƙasa

A nan ba sai mun yi muku dogon bayani ba, gama kun fi Ba'amurken birni sanin wannan. Kun ga yadda sawun amalanke yake a kan gangara. Shekara ta fari layi biyu ne kawai a cikin ciyawa. Ruwan sama ya samu wurin bi, ya zurfafa su. Shekara ta uku masu wucewa sun kauce wa ramin, sun buɗe sabon sawu a gefe. Kafin shekara 10 kwazazzabo ne wanda jaki ba ya iya ƙetarewa. To, babur mai ƙafa huɗu abin da yake yi ke nan, sai dai shi yana da ƙarfin inji, tayoyinsa masu haƙora ne, yana hawan gangarar da sa ba zai yarda ya hau ba, kuma a rana ɗaya yana cin tafiyar da mai ƙafa zai yi kwana huɗu yana yi. Nauyinsa yana danne ƙasa ta yi tauri, ruwa ya kāsa shiga, sai ya gudu a bisa ya kwashi ƙasar sama. Mutum ɗaya ya ratsa fadama, na biyu ya ga sawu ya ɗauka hanya ce. Haka aka samu dubban mil na hanyoyin da ba wanda ya auna su, ba kwalbati, ba lambatu.

Ƙasar da ruwa ya kwasa kuwa rafi take zuwa. A rafukan duwatsun Amurka akwai kifayen ruwan sanyi waɗanda suke zuba ƙwai a cikin tsakuwa mai tsabta. In laka ta rufe tsakuwar, ƙwai ba ya samun iska, sai ya mutu. Saboda haka ne za ku ga kifi yana fitowa cikin kusan kowace shari'a ta wannan gardama.

A dajin Nantahala, jihar Karolina ta Arewa, akwai wani wuri da ake kira Tellico, inda aka keɓe hanyoyi wajen mil 39 don motocin hawan dutse. Mutane suna zuwa daga jihohi masu nisa. Ƙasar wurin mai saurin zaizaya ce, ruwan sama kuma yana da yawa. Waɗansu hanyoyin sun zurfafa har sun fi tsayin mutum. Lakar tana gangarawa cikin kogin Tellico. Ƙungiyoyin masu kamun kifi suka ce za su kai ƙara, Hukumar ta bincika, a 2009 ta rufe wurin ɗungum. Masu motoci sun ce sun zuba kuɗinsu da guminsu wajen gyara, masu masauki da masu sayar da abinci kuma suka rasa baƙi. A shekarar nan ɗaya hukumar kula da ruwa ta Kalifoniya ta ba da umurni a tsabtace hanyar Rubicon, saboda laka da baƙin mai da bayan gidan mutane da ke shiga ruwa. A can ba a rufe ba. Gunduma da Hukumar da ƙungiyoyin masu Jeep suka gina gadoji da makewayi da magudanan ruwa, hanyar ta ci gaba da aiki. Cuta iri ɗaya, magani biyu. A ganinmu bambancin yana cikin irin ƙasar: Rubicon yawancinta falalen dutse ce, Tellico kuwa ƙasa ce mai narkewa.

Sai dabbobi. A arewa maso gabashin jihar Oregon akwai dajin gwaji mai suna Starkey, an kewaye shi da waya. Daga 2002 zuwa 2004 masu bincike suka ɗaura wa dabbar da ake kira elk na'ura a wuya. Elk dangin barewa ce, amma girmanta ya kai na gwanki ko ya fi. Suka riƙa tura mutane cikin dajin, yau da babur mai ƙafa huɗu, wani mako da keke, wani da ƙafa, wani da doki. Suka tarar babur ne ya fi sa dabbar gudu, tun yana nesa, keke yana biye da shi. Lokacin da za ta yi kiwo ko hutawa sai ya tafi a guje-guje. A ƙasar da dabba take bukatar tara kitse kafin sanyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma 'ya'yan mugayen ciyayi da ke maƙalewa a laka ƙarƙashin mota, a zubar da su can cikin daji inda ba a taɓa ganinsu ba. Akwai tartsatsin salansa a lokacin rani, shi ya sa doka ta tilasta sa raga a bakin salansa. Akwai ƙara. Mutum ya yi tafiyar wuni guda don ya zauna inda ba ya jin komai sai iska, sai ga ayarin injuna 20. Mai babur bai damu da mai ƙafa ba, sau da yawa bai ma gan shi ba. Mai ƙafa ne yake barin wurin.

Maganar masu babura

Kada mu ɗauka duk masu hawan nan 'yan iska ne masu neman ɓarna. Da yawansu mutanen ƙauye ne kamarmu. Akwai tsoho wanda ya yi shekara 50 yana zuwa wani tafki, yanzu gwiwa ta ƙi, in ba babur ba zai sāke ganin wurin ba. Akwai naƙasassu da tsofaffin sojoji. Akwai mai ɗibar itacen wuta da takardar izini, gama a can sanyi yana kisa. Akwai maharbi wanda ya kashe elk, naman ya fi ƙarfin mutum ɗaya, yana so ya kai gida kafin ya lalace. In aka sa ƙofar ƙarfe a hanyar da kakansa ya bi, ba zancen wasa aka taɓa masa ba.

Suna kuma da maganar kuɗi. Garuruwan da masana'antar katako ko ma'adinai ta mutu a cikinsu sun koma dogara ga baƙi. A tsakiyar Yuta akwai hanyar Paiute, wadda ta zagaya cikin dajin Fishlake, kuma ƙananan garuruwa irin su Marysvale sun yarda babura su shiga har cikin gari su sha mai, su ci abinci, su kwana. Tun 1991 akwai dokar da ke mayar da wani kashi na harajin man da waɗannan injuna suke sha zuwa gyaran hanyoyin daji. Kashi 30 cikin 100 na masu inji ne, 30 na masu ƙafa da doki da keke, 40 na hanyoyin da aka haɗa. Saboda haka masu babura sukan ce, da kuɗinmu ake gyara hanyar wanda yake so a kore mu. A 1987 suka kafa ƙungiya a Aidaho mai suna BlueRibbon Coalition, ita ce take kai musu ƙara kotu. Yawancin kulob ɗinsu suna fita aikin gayya, suna share hanya, suna kwashe shara. Abin da sukan faɗa shi ne, 'yan kaɗan ne masu barin hanya, a kama su a ci su tara, kada a hukunta kowa.

A ƙarƙashin wannan duka akwai tsohon fushi. Mutumin Nebada ko Yuta yana ganin ƙasar da ke bayan gidansa ana yanke hukuncinta a Washinton, tafiyar mil 2,000, bisa ga ra'ayin mutanen birni waɗanda suke zuwa sau ɗaya a shekara. Gundumomi sun tono wata tsohuwar doka ta 1866 wadda ta ba da izinin yin hanya a ƙasar gwamnati. An soke ta a 1976, amma aka ce hanyoyin da suka riga suka kasance suna nan da haƙƙinsu. To, mene ne hanya? Sawun keken doki na shekara 100 hanya ne? A 2012 jihar Yuta da gundumominta suka kai ƙara suna neman hanyoyi wajen 12,000 ta wannan doka.

Shebur dubbai a kan hanyar da ba ta kai mil 2 ba

Labarin da ya fi nuna zafin abin shi ne na Jarbidge, wani ƙaramin ƙauye a arewacin Nebada, tsohon garin haƙar zinariya. A 1995 ambaliya ta cinye wata hanyar ƙasa da ke bin gefen kogi zuwa bakin jeji. Da fari Hukumar ta yi niyyar gyarawa. Ƙungiyar masu kamun kifi ta ɗaukaka ƙara, domin a kogin akwai wani kifi wanda ya kusa ƙarewa a yankin. Hukumar ta fasa. A 1998 gundumar Elko ta aika da katafila ta fara gyara da kanta, aka tsayar da ita, aka kuma sa kifin cikin jerin waɗanda doka ta tsare. Gaba ta yi tsanani har ma'aikatan daji suka ce ana ƙin sayar musu da abinci, ana tsangwamar iyalansu. A Nuwamba 1999 shugabar dajin, Gloria Flora, ta yi murabus, ta ce ba za ta iya ci gaba da aiki cikin irin wannan ƙiyayya ba.

Sai mutane daga jihohi dabam dabam suka riƙa aiko da shebur zuwa Elko, dubbai, alamar goyon baya. Ran 4 ga Yuli 2000, ranar bikin 'yancin Amurka, ɗaruruwan mutane suka taru suka ɗaura igiya suka ja wani ƙaton dutse da aka toshe hanyar da shi. Shari'ar wa ya mallaki hanyar ta yi fiye da shekara 15 a kotu. 

Irin wannan ya sāke faruwa a Mayu 2014 a kwarin Recapture, kudancin Yuta. Wannan wuri yana hannun wata hukumar filaye ta tarayya, ba ta gandun daji ba, amma rigimar ɗaya ce. An rufe kwarin ga injuna a 2007 domin akwai kufai da kayan tarihin mutanen asalin ƙasar. Wani shugaban gunduma, Phil Lyman, ya ja ayarin babura suka shiga. Kotu ta ɗaure shi kwana 10, ta sa shi da abokinsa su biya wajen dala 96,000. A Disamba 2020 Shugaba Tiramp ya yafe masa.

Dokar taswira

A 2003 shugaban Hukumar, Dale Bosworth, ya lissafta abubuwa 4 da suka fi yi wa dazuzzukan barazana. Yawon injuna marar tsari yana cikinsu, tare da gobara, da baƙin ciyayi da ƙwari, da cinye fili da gine-gine. A Nuwamba 2005 aka fito da dokar da ta juya al'amarin. A dā ko'ina a buɗe yake sai inda aka hana. Dokar 2005 ta ce ko'ina a rufe yake sai inda aka nuna. Kowane daji zai zauna da jama'a, ya zaɓi hanyoyi, ya buga taswira wadda ta nuna wace hanya ce ta wane irin abin hawa, da watannin da take buɗe. Ana ba da taswirar kyauta. In an kama ka a inda ba ta nuna ba, ba za ka ce ba ka ga allo ba.

Mu dai muna ganin wannan tsari yana da hankali. Wanda ya je Yankari a jihar Bauchi ya ga irinsa: motar kallon dabbobi tana bin hanyoyin da aka tsara, da ɗan jagora, ba mai ratsa daji bin giwa. Amma zana layi a takarda ya fi sauƙi a inda ba wanda ya riga ya saba bi. A dajin Wallowa-Whitman na Oregon, a 2012, Hukumar ta fito da shirin rufe hanyoyi fiye da mil 3,500. Mutanen gundumomin suka cika ɗakunan taro, 'yan majalisa suka sa baki, cikin 'yan makonni aka janye shirin. Mutanen sun ce an karɓi ra'ayinsu an ajiye a aljihu, kuma taswirar da aka nuna musu ba ta karantuwa. Wanda ya ga yadda aka shata burtali a wurarenmu ba tare da manomi da makiyayi sun taka iyakar da ƙafarsu ba, ya san abin da ke biyo baya.

Ga kuma rashin masu tsaro. Jami'an Hukumar masu ikon kama mai laifi ba su kai 1,000 ba, a kan eka miliyan 193. Mutum ɗaya yana iya riƙe ƙasar da ta fi ƙaramar hukuma girma. Saboda haka taswirar tana aiki ne a inda masu babura da kansu suka yarda da ita, suna tsawata wa nasu.

Kowane sabon inji kuma yana buɗe sabuwar shari'a. Dokar 2005 ta bar mashin ɗin ƙanƙara a gefe. Masu tafiya a kan ƙanƙara da ƙafa suka kai ƙara, a 2013 kotu a Aidaho ta ba su gaskiya, a 2015 aka yi wa mashin ɗin tasa doka. A 2022 Hukumar ta ce keke mai batir abin hawa mai inji ne, sai a hanyar da aka yarda masa.

Wa ke tare da wa

A Majalisa, 'yan Rifablikan na jihohin yamma su ne yawanci suke tsaya wa masu injuna, 'yan Dimokurat kuma suna tare da ƙungiyoyi irin su Sierra Club da Wilderness Society. Amma a ƙauye layin bai miƙe haka ba. Masu garken shanu da ke kiwo a dajin da izini, waɗanda ba sa ƙaunar Washinton ko kaɗan, suna kukan an yanke musu waya, an bar ƙofa a buɗe, an kori shanu daga mashaya. Su kansu kuwa da babur suke zagaya garke. Maharba sun rabu biyu. Waɗansu suna son hanya har inda nama ya faɗi. Waɗansu sun lura cewa inda babura suka yi yawa elk takan gudu ta shiga gonakin masu zaman kansu, inda talaka ba shi da izinin harbi, ta kuma cinye wa mai gona ciyawar da ya tanada. A 2004 irin waɗannan suka kafa ƙungiyar maharba da masunta masu neman a bar wurare ba inji. 

Babban fagen yanzu shi ne dokar da Shugaba Kilinton ya bari a Janairu 2001, kwanaki kaɗan kafin ya sauka. Ta hana tsaga sabuwar hanya da saran katako a eka miliyan 58 da rabi na dajin da ba hanya a cikinsa. Dokar ba ta hana babur bin 'yan turbobin da aka riga aka yarda da su ba, amma ƙungiyoyin masu injuna sun ƙi ta tun farko, gama suna ganin mataki ne zuwa mayar da wurin jeji. An yi shekara fiye da 10 ana jan ta a kotuna kafin ta zauna. A Yuni 2025 sakatariyar aikin gona, Brooke Rollins, wadda Hukumar take ƙarƙashin ma'aikatarta, ta sanar da cewa gwamnatin Tiramp za ta soke ta. Dalilin da ta bayar shi ne a samu hanyar shiga a rage itatuwan da suka cushe, a kashe gobara, a kuma ƙara katako. Masu hamayya suka amsa cewa yawancin gobarar daji a Amurka mutane ne sanadinta, kusa da hanya kuma ta fi tashi, sa'an nan Hukumar da ta kāsa gyara mil 370,000 da me za ta riƙe sababbi? A ƙarshen Agusta 2025 aka buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a na mako 3. Sokewar ta shafi eka wajen miliyan 45. Aidaho da Kolorado ba sa ciki, domin su sun zauna da masu katako da maharba da masu babura da gundumomi, suka yi tasu dokar dabam, Aidaho a 2008, Kolorado a 2012.